Ku Daina Yi Wa Tsohuwar Tarakta Dariya

Yau a kan tsohon ƙarfe nake tafe da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba.

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Lokoja a farkon damina, daga Gwagwalada zuwa Kwali har Abaji, ko ya kutsa ƙauyukan Kuje, zai ci karo da wata jar tarakta da fentinta ya koɗe, babu fitila, an ɗora buhu a mazaunin direba, tana janye da garma mai faifai uku wadda ta girmi direban kansa. Massey Ferguson ke nan. 'Yan birni in sun zo wucewa sai su sauke gilashi su ɗauki hoto, su watsa a Facebook, wai a zo a ga abin da Najeriya ke noma da shi a wannan ƙarni. Ni kuwa ina ganin wannan dariya rashin sani ce, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda rashin sanin ya shiga ofis ya zama tsarin gwamnati.

Bari mu fara da ita kanta motar. Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, shi ya ƙirƙiro maƙalar nan mai hannu uku da ake rataya garma a bayan tarakta, yadda in garma ta kama ƙasa nauyinta zai koma kan tayoyin baya, ƙaramar mota ta yi aikin babba. A 1946 aka fara ƙera ƙaramar Ferguson a Kobentiri ta Ingila. Samfurin 135, wanda har yau ake gani a gonakinmu, an yi shi daga 1964 zuwa 1975, da injin Perkins mai fistin uku, ƙarfinsa kamar na doki 45. Babu kwamfuta a cikinsa, babu wata na'urar da za ta kashe inji don waya ɗaya ta tsinke. In batir ya mutu, a gangara ake tura ta ta tashi.

To me ya sa wannan ya zama abin magana? Saboda damina ba ta jiran kowa. A yankin Abuja ruwa kan sauka tun wajen watan Afrilu, kuma daga lokacin da ƙasa ta jiƙa manomin masara ko shinkafa 'yan kwanaki gare shi ya yi kaftu ya shuka. Kowace tarakta tana lalacewa, sabuwa da tsohuwa. Tambayar da ta dami manomi guda ce: in ta tsaya yau a tsakiyar gona, kwana nawa za ta yi kafin ta tashi? Tsohuwar Massey bakanike zai kwance ta a gindin mangwaro da sifana da guduma. In boris ɗin faifai ya ci, akwai shi a kasuwa. In ƙarfen garma ya karye, mai walda zai ɗinke shi kafin la'asar. Abin da ya gagara a nan, waya ɗaya za a buga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, gobe ya iso a motar haya. Kuma kayan gyaran ba su yanke ba, domin kamfanin Millat da ke Lahor a Pakistan yana ƙera Massey 240 da 375 da 385 a kan wancan tsohon zubi, kuma da yawa daga cikinsu nan ƙasar ake kawo su. Abin da muke kira tsohon yayi, wata ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 da shi take noman alkamarta.

A gidan 'yan kasuwa na tashi, a Maraɗi, kuma mahaifina ba ya zuba kuɗinsa a kayan da in sun lalace sai an jira jirgin ruwa. Wannan lissafi ko yaron shago ya san shi. Amma dubi yadda hukuma take nata cinikin. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi juyin noma na Shagari a 1980. A waccan tsakanin aka kafa masana'antar Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano, ana haɗa taraktoci a cikin gida, wanda shi ne abu mafi hankali da aka taɓa yi a wannan fanni, amma haɗa waɗancan taraktoci ya daɗe da tsayawa. Daga nan sai aka koma kowane gwamna da nasa dillali: wannan ya kawo ta Indiya, wancan ta Sin, na gaba ta Amurka, kuma noti na wannan ba ya shiga kusar waccan. A 2019 aka ƙaddamar da shiri da ƙasar Burazil na dala biliyan 1.1, da alƙawarin taraktoci 10,000. A watan Yuni na 2025 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 na ƙasar Belarus a Sheda, wato cikin Kwali ɗin nan da tsohuwar Massey ke ta huɗa.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce tarakta ta Belarus ba ta da kyau ba. Masana'antar Minsk tun 1946 take, kuma an san kayanta da juriya. An kuma sanar cewa an haɗo da kayan gyara da motocin gyara na tafi-da-gidanka guda 12. Sha biyu, jama'a, ga jihohi 36 da Abuja! In kayan gyaran da aka zo da su sun ƙare, wane shago ne a Zariya ko Minna zai ajiye wasu? Wane bakanike ne ya yi shekara goma yana kwance irinta har ya san kukanta? Wanda ya taɓa leƙa bayan ma'aikatar gona ta kowace jiha a Arewa ya ga amsar da idonsa: layin taraktoci kala-kala, tayoyi a sace, ciyawa ta fito ta cikin lagireto, wasu ko damina uku ba su yi ba. Waɗannan su ne abin kunya. Tsohuwar da ke hayaƙi a gonar Bagwari tana biyan bashinta kowace shekara.

Masu ganin sabon abu shi ne wayewa su dubi Amurka. A 'yan shekarun nan manoma a can sun riƙa rububin sayen taraktocin shekarun 1970 da 1980 a wurin gwanjo, don kawai za su iya gyara su da hannunsu. Sababbin kuwa, in sun tsaya sai wakilin kamfani ya zo da kwamfutarsa ya buɗe su. Abin ya kai ga a watan Janairu na 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kai kamfanin John Deere kotu a kan tauye wa manoma damar gyara. In manomin da ke da dila a garinsu yana kuka, ina ga na Yaba ko Rubochi? A Ingila ma har gasar huɗa ake yi da tsofaffin taraktoci da tsofaffin garemani, ana auna wanda layinsa ya fi miƙewa. Su a wurinsu nishaɗi ne na ƙarshen mako. Mu da abin yake abincinmu, mu ne muke jin kunyarsa.

Ina sane da aibin tsohuwar. Tana yoyon baƙin mai, in ringi ya ci tana shan gas fiye da kima, kuma ba ta da ƙarfen kariya a saman direba, in ta kife a gangara sai dai addu'a. Ita ma garmar ana cutar ƙasa da ita: direban haya da ake biya a kan kadada gudu yake yi, faifai ya dakushe ba a canzawa, ana kaftu a zurfi ɗaya shekara da shekaru har ƙarƙashin ƙasa ya daskare ruwa ya kasa shiga, wani kuma ya bi gangara da huɗa ruwa ya kwashe gonar. Sai dai duk wannan na rashin gyara ne da rashin horo, kuma direban da ya lalata gona da tsohuwa zai lalata ta da sabuwa, da sauri ma. A ƙasa mai yashi irin tamu ta Maraɗi kuwa, sau da yawa garmar shanu ta fi kowace tarakta dacewa, amma wannan zance ne na wata rana.

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabuwar tarakta ta fi ƙarfin manomi, ta fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyin manoma. Da kuɗin guda ɗaya za a tayar da matattu da dama: a sauke inji, a sa sabon fistin da ringi, a gyara famfon mai, a sa tayoyi, a ƙera mata ƙarfen kariya. Me zai hana a ƙirga waɗanda ke kwance a harabar ma'aikatu, a yi gwanjonsu a fili ga kanikawa da ƙungiyoyin manoma, maimakon a bar su sai 'yan gwangwan sun yanka su a kilo? Akwai cibiyar injinan noma ta ƙasa a Ilori. Ta ɗauki yaran garejin nan ta horar da su a kan saita garma da gyaran famfon mai. Ƙananan hukumomi shida ne kacal a Abuja, garejin tarakta ɗaya a kowacce bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba.

Na san dalilin da ya sa ba a yi. Gyara ba shi da bikin yanke ƙyalle, ba a gayyatar jakada, ba a jera motoci a ɗauki hoto daga sama, kuma kwangilar ringi da boris ba ta da tsoka. Don haka ina roƙon 'yan jaridar da suka je Sheda a 2025 su koma neman waɗancan taraktoci 2,000 a daminar 2028, da lambobinsu a hannu, su faɗa mana nawa ne ke huɗa, nawa ne ke kan duwatsu suna jiran kaya daga Minsk.