VPN Ba Layar Zana Ba Ce

Na gaji da jin samari suna bugun ƙirji wai "ai na kunna VPN, ba wanda zai gan ni." Wa ya gaya maka? Wani yaro ne a kasuwar waya ya karɓi 'yan kuɗinka ya loda maka manhaja, hoton ɗan makulli ya fito a saman allo, shi ke nan ka ɗauka ka yi layar zana. Waya na ta zafi a aljihu, caji na zuba, tallan caca da na matan banza na faɗo maka kan fuska, amma kai kana ganin ka fi ƙarfin hukuma.

Ba na musun abin ya yi mana rana. A watan Yunin 2021, da Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, gwamnati ta fusata ta sa kamfanonin sadarwa suka toshe Twitter ɗin, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Wata bakwai ke nan 'yan jarida da masu sayar da atamfa da turare ta intanet ba su da hanyar shiga sai ta VPN, ga Abubakar Malami, ministan shari'a na lokacin, yana barazanar gurfanar da duk wanda ya karya dokar. Daga baya kotun ECOWAS ta ce toshewar ta saɓa wa doka. Aikin VPN ke nan: ya kulle abin da ke fita daga wayarka, ya kai shi wata kwamfuta a Holan ko Amurka, daga can ya wuce inda ka nufa. MTN ko Airtel za su ga kana cin data, ba za su ga shafin da ka shiga ba. Mai otal ɗin da ya ba ka intanet kyauta ma haka. Iyakarsa ke nan.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, sirrin da ka ɓoye wa kamfanin layinka ka ɗauke shi cak ka miƙa wa mai VPN. Waye shi? A wace ƙasa yake? Da me yake biyan kuɗin manyan kwamfutocinsa, tunda ko sisi ba ka ba shi? Facebook ya taɓa mallakar wani VPN na kyauta mai suna Onavo, yana ta leƙen manhajojin da mutane ke buɗewa a wayoyinsu, sai da aka cire shi daga shagon Apple a 2018, aka rufe shi a 2019. A 2016 masu bincike, ciki har da na hukumar CSIRO ta Ostareliya, sun gwada manhajojin VPN 283 na Android, suka tarar kashi 18 cikin ɗari ko kulle bayanan ba sa yi. Makullin hoto ne kawai! A 2020 kuma aka tsinci bayanan masu amfani da wasu VPN na kyauta da ke Hong Kong a zube a intanet, alhali kamfanonin sun rantse ba sa ajiye komai.

To a ce ma ka samu na ƙwarai, ka biya da dala. Ka kunna shi, sannan ka shiga Facebook da sunanka da na mahaifinka, ga hotonka na ranar Sallah da babbar riga, ga lambar wayar da aka haɗa da NIN ɗinka. Me ka ɓoye? A ƙarshen 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan abin da ya rubuta game da matar shugaban ƙasa na lokacin. Kamun zalunci ne a ganina, amma duk mai rubutu da shafin da abokansa suka san nasa ne, ya sani babu VPN ɗin da zai hana a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Haka wanda ɗan damfara ya kira da sunan banki ya karanto masa lambobin katinsa da bakinsa. Kuma a tambayi mutanen Zamfara: da aka kashe sabis ɗungurungum a Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga, wane makulli ne ya buɗe musu? Sai dai a hau mota zuwa Funtuwa don a kira ɗan uwa.

Haushina ya fi yawa a kan masu mulki. Su suka kora jama'a hannun waɗannan manhajoji. Mutumin da bai taɓa jin sunan VPN ba, rana ɗaya ka rufe masa shagonsa na intanet, dole ya sauke duk wadda ta fara fito masa, ya danna "na yarda" ba tare da karanta ko layi ɗaya ba. An buɗe Twitter, ministocin sun sauka, manhajar tana nan daram a wayoyi, wata har da izinin ganin lambobin mutane da inda mai wayar yake. Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023, madalla. Sai dai ina son in ga jami'in da zai bi wa mai shayi kadinsa a wurin kamfanin da ko adireshin ofis bai rubuta ba.