FILIN MATA: Kayan Da Ya Kamata Ki Fara Saye In Za Ki Tare

Makon jiya na je yi wa wata ƙawata barka da tarewa. Tare muka gama kwalejin horon malamai, aka yi mata aure, mijinta ya kama musu ɗaki da falo na haya. Na tarar da kabad cike da tangaran da kwanukan samira, an yi jere har kusa da rufi. Amma da na nemi ruwan sha sai ta aiki yaro maƙwabta, don ba ta da randa. Kayan jeren kuwa bashi ne, har yau mahaifiyarta tana zubin adashi don ta biya. To, ina amfanin baɗi ba rai?

An ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma bashi ma ba ya sa barci. Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata ki fara nema, ko amarya ce ke, ko ƙaura za ku yi.

Na farko ruwa. Ki sayi randa da murfinta, da moɗa mai dogon hannu, da bokiti 2, da buta. Randa tana sanyaya ruwa ba da ko kwabo ba, domin ruwan da ke tsatsowa ta jikinta shi ke tafiya da zafin in iska ta buga shi. In ruwan rijiya ne, ki tafasa shi sosai, ya huce, kana ki zuba. Kada kowa ya tsoma hannu a ciki.

Na biyu kayan girki. Tukunya 2 sun isa mutum biyu, ta tuwo da ta miya. Sai muciya, da mara, da ludayi, da rariya, da wuƙa, da faifai, da ɗan turmin dakan yaji, da kwanuka 4 masu murfi. In da gawayi za ki yi girki, ki hura shi a waje. Kada ki kuskura ki shigar da shi ɗaki ki rufe ƙofa don jin ɗumi da hunturu. Yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, takan kashe mutum yana cikin barci. In kuwa gas ne, kika ji ƙauri, ki buɗe taga, ki shafa ruwan sabulu a bakin tiyo. In ya yi kumfa yana yoyo ke nan. Ba a gwadawa da ashana.

Na uku shimfiɗa. Katifa, da tabarma, da zanen gado 2, da gidan sauro mai magani. Wannan ya fi kowane labule muhimmanci, don sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo. In sabo ne ki shanya shi a inuwa kwana 1 kafin ki ɗaura. Yakan yi kamar shekara 3 yana aiki, sau da yawa kuma akan ba masu ciki kyauta wajen awo. Kujera da tebur na gwanjo ba laifi, amma ban da katifa, don kuɗin cizo in ya shiga ɗaki fitarsa sai an sha wuya.

Na huɗu tsintsiya, da sabulu, da igiyar shanya, da kwandon shara mai murfi, da fitila mai cajin rana saboda ɗaukewar wuta. Ki kuma sa maigida ya sayi sabon kwaɗo, don ba ku san hannu nawa makullin tsohon ya bi ba.

Ranar sayayya ki rubuta kayan a takarda, ki tafi da wata babba wadda ta iya tayi. A Kano mata kan nufi Kasuwar Rimi, kowane gari kuma da tasa. Ki ɗaga tukunya ki hanga ta rana ko tana da huji, ki ƙwanƙwasa randa ki ji ko ta tsage. Abin da ba ya cikin takarda ki kau da kai, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ku kuma 'yan makaranta, ku dage da koyon ɗinki da saƙa. Wadda ta iya ɗinka labule da rigar matashin kai ta rage wa iyayenta nauyi tun kafin lokaci ya yi.

Sauran kayan ado sa zo a hankali, da yayyafi kogi kan cika. Wadda ke da wata dabara ta rubuto mana mu ƙaru. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.