A Naɗi Kiɗan Fadar Machina Tun Masu Shi Na Raye

Ya Edita,

Duk wanda ya halarci bikin al'adun gargajiya na masarautar Machina ya san cewa algaita, wato abin busar fada mai kaifin murya da mabushi ke kumbura kumatu yana busawa ba yankewa, tana da armashin da wayar salula ba ta iya ɗaukowa, musamman idan ganguna suka amsa mata a gaban Sarkin Machina, Mai Machinama. Abin takaici, matasan Nguru da Gashuwa da yawa sun fi sanin mawaƙan Kano a kan masu waƙa da Manganci da Badanci. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta naɗi waƙoƙin waɗannan makaɗa, ta kuma riƙa gayyatarsu su yi wasa a gaban ɗalibai.

Daga mai karatu,
Machina, Jihar Yobe.