Rumbun Kallo Ɗaya A Hannun Uwargida

Maganarmu ta wannan wata a kan finafinan da ke yawo a wayoyin gidanki ne, da yadda za ki tara su wuri guda a hannunki.

Iyaye mata da yawa suna ɗauka idan sun hana yaro kuɗin data, shi ke nan sun rufe ƙofar kallo. Ina! Tun kafin hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kallo a garuruwa irin Danwarai bai dogara da intanet ba. Wajen masu turi ake zuwa, a Jega ko cikin Aliero, a cika memori da Labarina da Daɗin Kowa da finafinan Indiya na fassara. Waya ɗaya ce za ta shigo da su gida, kafin magariba Xender ta raba wa sauran. Ita Xender ba ruwanta da data, waya ce ke buɗe ɗan ƙaramin Wi-Fi nata, 'yar'uwarta ta shiga ta kwasa. Abin da ya shiga wayar ɗanki kuwa ya zauna ke nan, har da wanda mai turi ya ƙara masa gyara ba ki sani ba.

To wannan hanyar da ta zame mana ciwon kai, ita ce dai za ta yi miki aiki. Ki samu tsohuwar kwamfuta, ko da ta wani ɗalibi ce da ya yi sabuwa, ki mai da ita rumbu. Duk abin da kika yarda a kalla ko a saurara a gidanki a zuba a ciki: karatun Alaramma Ahmad Sulaiman, tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar, katun na ƙanana, da finafinan da ke da kanki kika duba. Sai a haɗa ta da wayoyin gida ta rauta ko MiFi. Ko babu data ko ta sisi a ciki za su ga juna, domin zirga-zirgar duk a cikin gida take. A sa wa kwamfutar manhajar Jellyfin, kyauta ce, a sa ta a wayoyin ma. Sauko da ita ne kawai zai ci data, sau ɗaya.

Ga inda bambancin yake, 'yar'uwa. A turi, kowace waya tana tashi da nata kwafin. A nan kuwa fim ɗin yana zaune a rumbu, waya leƙowa kawai take yi. Kina kashe kwamfutar bayan isha'i, kallon rumbu ya ƙare a kowane ɗaki ba tare da kin bi kowa da faɗa ba. Kuma za a iya buɗe wa kowa sunansa da lambar sirrinsa, a rufe wa yara damar saukewa, ƙanana su ga katun da karatu kawai, fim ɗin manya ba zai ma bayyana musu ba. Ba zan ce miki wannan zai hana ɗan shekara 15 karɓo turi a majalisa ba. Amma yaron da ya tarar da abin kallo mai kyau a gida, yawonsa na raguwa.

Katangar ƙasa mai kauri tana cinye Wi-Fi, don haka a ajiye rautar ta wajen tsakar gida, ba ƙuryar ɗaki ba. A sa mata lambar sirri, musamman a gidan yawa, in ba haka ba samarin maƙwabta za su jingina da katanga su sha kallo.

Bidiyon biki kuma, na kamu da lalle inda mata suka saki jiki ba mayafi, a ware masa wuri da sunanki ke kaɗai. Kada ya taɓa hawa memorin da ake kai wa mai turi, ko da kin goge shi, domin akwai manhajojin da ke dawo da abin da aka goge. Ki sayi memori biyu, ki ɗiga wa na gida jan farce don kada yaron aike ya ɗauki wanda ba shi ba.