'Yan Fim Ba Masu Shela Ba Ne Kawai

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarka mai farin jini.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 a matsayin shekarar tattalin arzikin fasaha, yarjejeniyar UNESCO ta 2005 kuma ta kafa asusun tallafa wa sana'o'in al'adu a ƙasashe masu tasowa. Amma a nan Kano, masu ba da agaji ba sa tunawa da 'yan fim sai in suna da saƙo, na rigakafi ko na karatun 'ya mace. A biya jarumi ya yi shela, shi ke nan.

Ni tela ne, ina ɗinka wa 'yan Kannywood kaya. Ranar da aka fita ɗaukar fim, mai abinci da direba da mai kwalliya duk sun samu na cefane. Abin da ke durƙusar da sana'ar fim shi ne rashin jari, da tsadar man janareta, da masu tura fim a waya furodusa bai ga ko sisi ba.

Don Allah ka sa wakilinka ya binciko yadda ake neman kuɗin asusun nan, ku buga mana da Hausa.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano