Kun ɗaure akuya a turke, kuna zaginta ba ta kiwo

A wajen wani ɗaurin aure na ji wani tsohon ɗan majalisar jiha yana cika baki, wai mata ba su iya yin doka ba, ko an zaɓe su ɗumama kujera kawai suke yi. Na haɗiye fushina saboda furfurarsa. Yau zan amayar.

Ranka ya daɗe, wace macen ka gwada? Majalisar dokokin Kano kujera 40 ce, zaɓen 2023 bai bar wa mace ko ɗaya ba. Haka Jigawa, Katsina, Sakkwato da Zamfara. Da wane mudu ka auna aikin wadda ba ta taka ƙofar zauren ba?

Inda ƙalilan suka kutsa kuwa, kowa ya san ƙudiri ba ya zama doka don kyawunsa. Sai kakaki ya sa shi a jadawali, shugaban kwamiti ya zaro shi daga durowa, gwamna ya rattaba hannu. A masaukin baƙi ake ƙulla wannan, ƙarfe biyun dare. Matar aure in ta je a ɓata mata suna, in ta ƙi a raba kwamitoci ba da ita ba. Gari na wayewa a miƙa mata na harkokin mata, maza su rungume na kasafin kuɗi. A Abuja ma haka aka yi wa Sanata Biodun Olujimi: a 2016 majalisar dattawa ta yi fatali da ƙudirinta na daidaita dama tsakanin maza da mata.

Ga Amurka, inda aka zauna aka ƙirga. Binciken Sarah Anzia da Christopher Berry na 2011 ya nuna mazaɓun da mata ke wakilta a majalisar tarayya suna samun kuɗin gwamnati fiye da na maza da kusan kashi 9 cikin ɗari. Dalili a fili yake: macen da ta tsallake wannan siraɗi sai ta ninka namiji ƙwazo.

To ku gwanayen, ina naku? Tun 2003 tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara, sai 2023 Kano ta samu tata. Shekara 20 cif, zaure cike da rawani da babbar riga!

Hajiya Gambo Sawaba ba ta sha ɗauri don jikokinta su ƙare a guɗa da rabon atamfa ranar kamfe ba. Shugabannin jam'iyyu, ku ba mata takara a mazaɓun da za a ci, ku ba su kwamitoci masu maiƙo, sannan ku zo mu ƙirga dokoki. Kafin nan, ku yi mana shiru.