Koyar da allurar kashe zafin hannu ta kwamfuta: Me Isa da Sabon Birni za su amfana?

A shekarun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, raunin harbi da sara ya ƙaru a kan haɗarin babur da aka saba gani. Wanda ya ji rauni a hannu a Turba, cikin ƙaramar hukumar Isa, ko a ƙauyukan Sabon Birni, babban asibitin hedikwatar ƙaramar hukumarsa zai fara nufa. In aikin ya gagara, sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ta hanyar da matafiya ke bi cikin fargaba.

Ba kowace tiyatar hannu ce ke buƙatar a sa majinyaci barci ba. Jijiyoyin da ke kai wa hannu ji da motsi suna fitowa ne daga saiwoyi biyar a lakar wuya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya zuwa hammata. Idan aka zuba maganin kashe zafi a gefensu, hannun kaɗai ke mutuwa na wasu awanni, majinyaci kuma yana farke yana numfashi da kansa. Tun 1911 likitocin Jamus suka fara yin wannan allura ta fata. Amfaninta a karkara shi ne rage dogaro da injin sa barci da iskar oksijin mai yawa.

Sai dai wurin yana da haɗari. A saman ƙashin wuya, jijiyoyin suna dab da huhu da babbar jijiyar jini. Allura in ta zarce tana iya huda huhu, magani in ya shiga jini yana iya jawo jijjiga ko tsayawar zuciya. Shi ya sa sanin tsarin jiki ke gaba da komai.

A nan kwamfuta ke shigowa. Ɗalibin da ya ga jijiyoyin a jikin gawa a ajin farko yakan manta kafin ya fara aiki. Manhaja kuwa tana nuna masa su ta kowace kusurwa, ta haɗa da hoton na'urar sikanin, ya maimaita sau ɗari ba tare da ya taɓa majinyaci ba. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya na neman aƙalla likitoci 5 ga kowane mutum 100,000, alhali bincikenta na 2017 ya nuna Najeriya ba ta kai ko ɗaya ba. Malaman ba za su isa kowane asibiti ba, amma darasin zai isa.

Akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, darasin ya zama wanda ake sauke shi a waya ko kwamfuta, ya yi aiki ba intanet, domin a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. Na biyu, kallon allo ba ya maye gurbin horo a gaban ƙwararre. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta tura ma'aikatan yankin Sakkwato su yi allurar a ƙarƙashin kulawa, sannan ta tanadar wa asibitocinsu ƙaramar na'urar sikanin, wutar sola da magungunan ceto kafin a ba su izinin yi su kaɗai.